Darasin Kula da Gida: Gyara Ɗakin Wucin Gadi Domin Tsoho da Mai Nakasa Su Shiga Su Fita Cikin Sauƙi

  Darasinmu na yau a kan ƙofar ɗaki yake, musamman ɗakin da aka kafa da niyyar zaman ɗan lokaci, sai ga shi ya zama mazaunin tsohuwa ko majinyaci na shekaru. Uwargida, ki nemo tef ɗin awo irin na tela da takarda da biro, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

YADDA ƊAKIN WATA BIYU KE ZAMA NA SHEKARU

Mu da ke zaune a kwarin Rima mun san halin ruwa. A watan Satumba na 2010 kogi ya cika ya batse, ya mamaye ƙauyuka da dama a jihohin Sakkwato da Kebbi. A 2020 kuma ambaliya ta cinye gonakin shinkafa, ta rushe gidajen ƙasa, ta karya gadoji a wannan jiha tamu. Duk lokacin da irin haka ta faru, masu 'ya'ya a birni sukan kwaso iyayensu daga ƙauyukan fadama na yankin Argungu da Augie zuwa unguwanni irin su Gesse da Badariya da Tudun Wada. Wasu kuma ba ruwa ne ke kawo su ba, jinya ce: hawan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon gwiwa ya tsananta, ana son su kasance kusa da asibiti.

To, gidan birni ɗakunansa a ƙirge suke. Sai maigida ya kira kafinta a yi ɗakin langalanga a tsakar gida, ko a gyara tsohon shago, ko mai hali ya sayo tsohuwar kwantena a fasa mata taga. Kowa yana cewa ai wata biyu ne, da ruwa ya janye ko ta ji sauƙi za ta koma. Sai wata biyu ya zama shekara biyu. Saboda an ɗauka zaman na ɗan lokaci ne, ba wanda ya damu da ƙofa. An ɗaga ɗakin sama don kada ruwa ya shiga, an jefa bulo ɗaya ko guntun turmi a matsayin mataki, shi ke nan. Kin ga tudun da ya hana ruwa shiga, shi ne kuma ya hana Inna fita.

ME YA SA MUKA DAMU DA ƘOFA?

Dalili na farko shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Wani rahoton hukumar na 2007 ya nuna cewa wajen kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Mu mata abin ya fi shafa, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana rage ƙarfi. Faɗuwar da yarinya za ta yi ta miƙe tana dariya, ita ce za ta karya wa tsohuwa ƙashin ƙugu ta kwanta wata da watanni.

Dalili na biyu ba a cika lura da shi ba. Tsohuwar da take tsoron mataki sai ta daina fita. Ta daina zama a inuwa da jikoki, ta daina zuwa barka da gaisuwar rasuwa, har ta rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata. Ƙafar da ba ta taka ƙasa kuwa ƙara mutuwa take yi. Sai ki ji ana cewa Hajiya ta zama shiru-shiru, alhali bulo ɗaya ne ya tsare ta a ɗaki.

Dalili na uku ke ce da kanki. Wa ke ɗaga ta safe da yamma in maigida ya fita? Ke. Ciwon bayan da ɗagawa ke jawowa ba ƙarami ba ne, balle in kina da juna biyu.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka akwai ƙananan gidaje na tafi-da-gidanka da mota ke ja. Bayan guguwar Katrina ta 2005, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta raba wa dubban iyalai irin waɗannan gidaje, wasu suka yi shekaru a ciki. Gidajen suna kan tayoyi, ƙofa a sama, matakan ƙarfe ƙanana. Sai da masu nakasa suka kai ƙara kotu, a 2006 hukumar ta amince za ta samar musu da waɗanda za su iya shiga. A nan Nijeriya, a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Amma ba jami'in da zai zo ya auna ƙofar ɗakin surukarki. Wannan aikin naku ne ke da maigida.

MATAKI NA ƊAYA: ZAƁEN WURI

In ba a riga an kafa ɗakin ba, ki sa baki tun a zaɓen wuri. A nemi inda ya fi tudu a gidan, inda ruwa ba ya kwanciya a watan Agusta. Ya kasance kusa da banɗaki, kuma kusa da ɗakinki yadda za ki ji kira da dare. A bar fili mai tsawo a gaban ƙofa, za ki ga dalili nan gaba. A guji gefen rariya da bakin rijiya da wurin da ake ɗaure dabbobi.

Ƙa'idar da za ki riƙe ita ce: kada a ɗaga ɗaki fiye da yadda ruwa ya tilasta. Ki duba shatar da ruwan bara ya bari a jikin katanga, a ƙara 'yan inci kaɗan a kai, ya isa. Sauran aikin a bar wa magudanar ruwa. Haƙa wa ruwa hanya ya fi arha a kan gina wa tsohuwa tudu.

MATAKI NA BIYU: ƊAKIN YA ZAUNA DARAM

Kwantena nauyinta a kusurwoyi huɗu yake. Kada a ɗora ta a kan yashi ko bulo mai rami kawai. A zuba kankare a ƙarƙashin kowace kusurwa, ya fi kusurwar faɗi. Ƙasar fadama laka ce, tana kumbura da damina, ta tsage da rani, shi ya sa ɗakin da ba shi da mazauni mai ƙarfi yake karkacewa. Da zarar ya karkace ƙofa za ta fara cijewa, mataki ya rabu da bango, rami ya buɗe a daidai inda ake sa ƙafa.

Magina suna da siririn tiyo da suke cikawa da ruwa su gane daidaito. Ke ma kina da naki gwajin: ki ajiye faranti mai faɗi cike da ruwa a tsakar ɗaki, in ruwan ya taru gefe ɗaya, ɗakin ya jirkice. Ɗakin langalanga kuma a binne ginshiƙansa da siminti, a ɗaure rufinsa da kyau, saboda iskar farkon damina da ke yaye kwano.

MATAKI NA UKU: AWO DA GANGARE

Ga mai tafiya a keken guragu ko kujera mai taya, mataki ko ɗaya katanga ne. Abin da yake buƙata gangare ne, wato hanya mai sulɓi da ke hawa a hankali daga ƙasa zuwa ƙofa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya mai sauƙin riƙewa ne: kowane inci ɗaya na tsayi yana buƙatar ƙafa ɗaya ta tsawo.

Ki auna daga ƙasa zuwa daɓen ɗaki. Bulon da muke gini da shi tsayinsa inci 9 ne. In dakalin ɗakin bulo biyu ne, inci 18 ke nan, gangarensa ƙafa 18. Daɓen kwantena yana sama da ƙasa da wajen inci 6, in an ɗora ta a kan abin da ya kai inci 9, an sami inci 15, gangare ƙafa 15. Yanzu kin ga dalilin da ya sa muka ce kada a ɗaga ɗaki barkatai, kuma a bar fili a gaban ƙofa.

Magini zai iya ce miki, "Hajiya, wanga tsawo ya yi yawa, ƙafa biyar ta isa." Ki ce masa ya zauna a keken ya gwada hawa da kansa. Gangare mai tsini ya fi mataki haɗari, domin keke yana iya kifewa ta baya, ko ya kuɓuce wa mai turawa. Ana sassauta ƙa'idar ne kawai in tudun ƙarami ne kuma wuri ya ƙure: inci 3 zai iya ɗaukar ƙafa 2, inci 6 kuma ƙafa 5.

Ga sauran ma'aunai:

1. Faɗin gangare kada ya gaza ƙafa 3. Keken nan mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda masu shan-inna ke hawa, ya fi kujerar asibiti girma, don haka a auna shi tukuna.

2. A bakin ƙofa a yi fili shimfiɗaɗɗe, ƙafa 5 tsawo da ƙafa 5 faɗi, inda za a tsaya a buɗe ƙofa ba tare da keke ya gangara ba. A ƙasan gangaren ma a bar fili.

3. In tsakar gida ba ta da tsawo, a lanƙwasa gangaren ya bi jikin bango, a sa wurin hutawa a kan kwanar.

4. A ɗaga gefe da gefe kamar inci 3 ko 4 don kada taya ko sanda ta zame waje.

5. Kada a goge simintin ya yi sheƙi. Tun yana ɗanye a ja tsintsiya a kansa a gicciye ya yi kaushi. Tayil mai santsi ba shi da wuri a nan ko kaɗan.

In gidan haya ne, ko kuɗin siminti bai samu ba, kafinta zai iya yin na katako mai kauri, a shafa masa maganin gara, a kafe shi a ƙasa kada ya motsa. Akwai kuma hanyar talaka: a jera bulo a gefe biyu, a cika tsakiya da jar ƙasa da tsakuwa, a daɓe sosai, a riƙa gyarawa bayan kowace damina. Kada a manta da kwatar ƙofar gida. In murfinta ya karye ko katako ɗaya aka gitta, to duk aikin cikin gida bai fitar da ita waje ba.

MATAKI NA HUƊU: MATAKALA DA ABIN DAFAWA

Ba kowa ne gangare ya fi wa sauƙi ba. Tsohuwar da ke tafiya da sanda, ko mai ciwon gwiwa, sau da yawa ta fi son matakala gajeru. Ki tambaye ta, ki kuma tambayi ma'aikatan gashin ƙashi a asibitin da ake kai ta. In matakala za a yi, tsayin kowane mataki kada ya wuce inci 7, in ya tsaya a 5 ko 6 ya fi. Wurin sa ƙafa kada ya gaza inci 11. Abu mafi muhimmanci shi ne matakan su zama daidai wa daida. Ƙafa tana haddace matakin farko, in na biyu ya bambanta sai tuntuɓe. A shafa farin fenti a bakin kowane mataki saboda mai raunin gani.

Ko gangare ko matakala, dole a sami abin dafawa. Mai walda zai yi shi da bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya da rabi, wanda hannu zai iya zagayewa, tsayinsa wajen ƙafa 3 daga ƙasa. A sa shi gefe biyu. Dalili kuwa, mai shanyewar ɓarin jiki hannu ɗaya ne ke mata aiki, ƙarfen da ke damanta in za ta hau, shi ne a hagunta in za ta sauka. A girgiza shi da ƙarfi bayan an kafa, in ya motsa a sake. Ki tuna da zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Birnin Kebbi, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. A naɗe shi da igiya ko a yi masa rumfa.

MATAKI NA BIYAR: ƘOFAR KANTA

Faɗin ƙofa in an buɗe ta kada ya gaza inci 32, in ya kai ƙafa 3 ya fi. Dokin ƙofa a rage shi ya koma rabin inci ko ƙasa da haka. Ƙofar kwantena ta asali mai sandunan ƙarfe ba ta tsoho ba ce, a fasa wata a gefe, a goge bakin ƙarfen kada ya yanki mutum. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, domin in mutum ya faɗi a bayanta daga ciki, turawa za ta ƙara ji masa ciwo. A sa makullin da ake iya buɗewa ta waje, ki ajiye ɗan makulli ɗaya a wurinki. Labule kada ya ja ƙasa. Takalman yara da buta da guntun kafet duk a kawar da su daga bakin ƙofa, leda in ta yage a manne ta ko a cire.

MATAKI NA SHIDA: HANYAR BANƊAKI DA WURIN ALWALA

Tafiyar da ta fi haɗari ita ce ta dare da ta asuba, ga duhu, ga barci a ido, ga gaggawa. A daɓe hanya daga ƙofa zuwa banɗaki, a sa fitilar sola a bakin ƙofa da wata a banɗaki, a ajiye tocilan kusa da matashin kai. Wadda ba ta iya tsuguno, kafinta ya fasa wa kujerar katako mai ƙarfi rami a ɗora a kan masai, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Wurin alwala a sa mata kujera, a yi wa ruwan hanya kada ya bi ta kan gangare, saboda gansakuka da ruwan sabulu su ne abokan santsi.

MATAKI NA BAKWAI: ZAFI DA ISKA

Ɗakin ƙarfe tanda ne da bazara. A yi masa rufi na biyu da zana ko kara, a bar tazara tsakani iska ta ratsa, rumfar ta zarce har kan ƙofa. A fasa taga biyu masu kallon juna, a sa raga saboda sauro. Daɓen katakon kwantena ana sa masa maganin ƙwari tun daga masana'anta, don haka a rufe shi da siminti ko leda mai kauri. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

YADDA ZA KI TAIMAKA MATA

A wajen hawa, ƙafa mai lafiya ke fara takawa. A wajen sauka, mai ciwon ke fara sauka. Ki tsaya ta ɓangaren da ya raunana, ki riƙe ƙugunta, kada ki ja ta da hannun da ya shanye domin kafaɗar tana iya gocewa. In za ki sauko da keke a wuri mai ɗan tsini, ki juya ki sauko da baya, ke a ƙasa ita a sama. In ta faɗi kada a yi saurin ɗaga ta. Idan ta kasa tsayuwa, ko kin ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, alamar karayar ƙugu ce. A ɗauke ta a kwance zuwa asibiti, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko babban asibitin Argungu, a ɗauki hoto kafin a yi maganar ɗori.

MAGANA DA MAIGIDA DA KUMA INNA

Wani maigidan zai ce, "Mi za a kashe kuɗi ga ɗakin da za a rushe?" Kada ki yi gardama. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki kawo takardar awonki, ki ce, "Malam, ga abin da na auna. Buhun siminti kaɗan ne da bututu biyu. Mu kwatanta da kuɗin jinyar karaya." Lissafi a rubuce ya fi ƙorafi shiga kunne. In nauyin ya yi masa yawa, a sanar da sauran 'yan uwansa, uwa ta kowa ce. Ke ma kwasar adashi ɗaya za ta iya biyan mai walda.

Ita kuma Inna za ta iya cewa, "Ku bar shi, ɗiyata, ba ni son in ɗora muku wahala." Kunya ce irin ta manya. Ki ce mata, "Inna, ai don mu duka ne, jikokinki ma suna faɗuwa a nan." Kuma gaskiya kika faɗa. Mai ciki da mai goyo da mai ɗauke da tulu duk za su amfana. A yi shawara da ita a kan gefen da take son ƙarfe da tsayin da ya yi mata, a gwada da ita kafin siminti ya bushe.

AIKIN GIDA

Kafin fitowa ta gaba, kowace 'yar uwa ta yi waɗannan:

1. Ki auna tsayin ƙofar ɗakin tsohon da ke gidanku ko maƙwabta, ki fitar da tsawon gangaren da ya dace.

2. Bayan isha'i ki kashe fitila, ki bi hanyar ɗakin zuwa banɗaki a hankali, ki rubuta duk abin da ƙafarki ta ci karo da shi.

3. Ki sa wa kanki lokaci biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta, na duba tsagewa, tsatsa, gara da motsin ƙarfe.

4. A taron unguwa ku tattauna wace tsohuwa ce kuka daina gani a waje, ku je ku duba ƙofarta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ikon kula da iyayenmu, ya sa mu ma mu sami masu kula da mu. Sai mun haɗu a darasi na gaba. Wassalamu alaikum.